TALAUCI, LABURARE DA JARRABAWA: ABIN DA KE SA ƊALIBI YA CI KO YA FAƊI



Gabatarwa

Kowace shekara, da zarar hukumomin jarrabawa sun fitar da sakamako, sai ka ji gari ya ɗauka. Jaridu su buga yawan waɗanda suka sami kiredit biyar har da Turanci da Lissafi, gidajen rediyo su yi ta gayyatar masana, iyaye su ɗora laifi a kan malamai, malamai su mayar da shi kan iyaye da gwamnati, ita kuwa gwamnati ta kafa kwamiti. Bayan mako biyu ko uku sai ƙura ta lafa, kowa ya koma harkar gabansa, sai kuma baɗi. Abin da ba a cika tsayawa a tambaya ba shi ne, me ya sami yaron nan cikin shekaru goma sha biyu da ya yi tsakanin ranar da aka sa shi aji ɗaya da ranar da ya shiga ɗakin jarrabawa?

Nufina a yau shi ne in ɗauki abubuwa uku, watau talauci da laburare da jarrabawa, in duba yadda kowannensu yake taɓa ƙwazon ɗalibi, in kuma nuna wanda ya fi nauyi, da wanda ya fi sauƙin gyarawa. Zan kafa misalaina a kan Katsina, amma zan leƙa wasu ƙasashe inda aka yi bincike mai zurfi a kan al'amarin.

Katsina da Littafi

Ya kamata mu fara da tuna cewa littafi ba baƙo ba ne a wannan birni. Hasumiyar Gobarau tana nan tsaye tana shaidar zamanin da masu neman ilmi ke tahowa Katsina daga nesa. Shaihu Al-Maghili ya sauka a nan a ƙarshen ƙarni na 15. A ƙarni na 17 an yi Wali Ɗan Marina da Wali Ɗan Masani, wanda unguwar Masanawa take ɗauke da sunansa. A ƙarni na 18 Muhammadu bn Muhammadu Al-Katsinawi ya shahara a ilmin lissafi da na taurari har a Masar, ya kuma rasu a Alƙahira a 1741, a gidan mahaifin mashahurin marubucin tarihin nan Al-Jabarti. Waɗannan malamai ba su yi fice da iska ba. Kowane gidan malamai yana da taskar littattafai cikin gafaka, ana ara, ana kwafa da hannu, ana gado.

Da boko ya zo, a zamanin Sarkin Katsina Muhammadu Dikko aka kafa Kwalejin Katsina a 1921, Gwamna Clifford ya yi bikin buɗe ta a 1922. Ita ce ta yaye Abubakar Tafawa Ɓalewa da Ahmadu Bello da Abubakar Imam, kafin a mayar da ita Kaduna a 1938, daga baya kuma Zariya, inda ta zama Kwalejin Barewa. Abin lura a nan shi ne, tun a wancan lokaci aka gane cewa koya wa yaro baƙaƙe ba ya wadatarwa in babu abin da zai karanta da su. Wannan ne dalilin da ya sa Dokta R. M. East ya shirya gasar rubuta ƙagaggun labarai a 1933, wadda ta haifar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, lokacin yana koyarwa a Makarantar Midil ta Katsina, da Ganɗoki na wansa Malam Bello Kagara, wanda daga baya ya zama Walin Katsina. Bayan haka aka sami Magana Jari Ce, da jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, da ɗakunan karatu na En'e, da ƙananan littattafan Hukumar NORLA a zamanin Yaƙi da Jahilci. Ashe ke nan abin da zan faɗa game da laburare ba sabon abu ba ne da aka kwaso daga waje.

Talauci

A binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi a 2018 zuwa 2019, ta sa iyakar talauci a kan Naira 137,430 ga mutum ɗaya a shekara, watau kimanin Naira 376 a rana. Bisa wannan ma'auni kashi 40 cikin ɗari na mutanen Nijeriya matalauta ne, a Jihar Katsina kuwa kashi 56. A 2022 hukumar ta sake awo ta wata hanya, wadda ta haɗa da lafiya da ilmi da muhalli da aikin yi, ta sami mutum miliyan 133, kashi 63 na jama'ar ƙasa, cikin talauci.

To, ta yaya talauci ke shiga aji? Hanya ta farko ita ce ta ciki. Binciken lafiyar al'umma na 2018 ya nuna cewa kashi 57 cikin ɗari na yara 'yan ƙasa da shekara biyar a yankin Arewa maso Yamma sun tsumbure saboda ƙarancin abinci mai gina jiki. Tsumburewa ba a tsawo kaɗai take tsayawa ba, domin ƙwaƙwalwar yaro tana yin mafi yawan girmanta ne a shekarun farko. Yaron da ya rasa abinci a lokacin, ya kuma yi fama da ƙarancin jini da zazzaɓin cizon sauro, ya shigo aji ɗaya da rauni tun malami bai buɗe baki ba.

Hanya ta biyu ita ce ta lokaci. Ɗan talaka ma'aikaci ne a gidansu. Yarinya tana da talla, yaro yana da gona da damina, da kiwo, da ɗiban ruwa, da zaman shago ran kasuwa. Wanda ke fashin kwana biyu a mako ya yi asarar kashi biyu cikin biyar na karatun shekara, ko da sunansa yana cikin rajista.

Hanya ta uku ita ce ta kuɗi tsagwaronsu. Dokar ilmin bai-ɗaya ta 2004 ta ce karatun shekara tara na farko kyauta ne kuma tilas, amma kayan makaranta da littafin rubutu da alƙalami da kuɗin mota suna kan uba. Hanya ta huɗu kuwa, wadda ta fi damuna a matsayina na malamin harshe, ita ce gidan talaka ba shi da abin karantawa, ba shi da fitilar karatu da dare, sau da yawa kuma ba shi da babban da zai duba wa yaro aikinsa.

A kan waɗannan duka sai ga matsalar tsaro, wadda talakan ƙauye ta fi ci. Kowa na tune da daren 11 ga Disamba, 2020, da aka kwashe ɗalibai daga Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Ƙanƙara, aka sako 344 bayan kwana shida. Mai hali ya ɗauke ɗansa ya kawo shi birni, marar hali kuwa sai ya zaunar da shi gida.

A Amurka, a 1966, wani masani mai suna James Coleman ya jagoranci bincike a kan ɗalibai fiye da 600,000, ya gano cewa halin gidan da yaro ya fito ya fi bambancin kayan makaranta tasiri a kan sakamakonsa. Wasu sun ɗauki wannan a matsayin hujjar cewa makaranta ba ta da abin yi sai an kawar da talauci. Amma a 1983 Stephen Heyneman da William Loxley suka kwatanta ƙasashe 29, suka sami cewa a ƙasashe matalauta ingancin makaranta da malami ya fi nauyi ƙwarai fiye da yadda yake a ƙasashe masu arziki. Dalilin a fili yake. Ɗan mai hali, in bai sami littafi a makaranta ba, zai tarar da shi a gida. Ɗan talaka kuwa, in makaranta ba ta ba shi ba, babu mai ba shi.

Laburare

Karatu sana'a ce irin ta hannu, kamar saƙa ko ɗinki: malami yana nuna hanya, amma ƙwarewa sai da yawan yi. Yaron da ke karanta labari don daɗinsa yana tsintar kalmomi da ginin jimla da ƙa'idojin rubutu ba tare da ya san yana koyo ba. Wanda kuwa bai taɓa karanta kome ba sai abin da aka rubuta a allon aji, to ko ya haddace dokokin nahawu, zai tsaya cik in aka ba shi shafi guda aka ce ya faɗi abin da ya fahimta. Kuma duk darussa a kan wannan suke tsaye, domin tambayar Lissafi da ta Kimiyya ma sai an karanta ta kafin a amsa.

An gwada wannan a aikace. A tsibiran Fiji, a 1980, Warwick Elley da Francis Mangubhai suka zaɓi makarantun ƙauye takwas marasa littattafai, suka zuba wa 'yan aji huɗu da biyar littattafan labarai masu hotuna, kimanin 250 ga aji, aka keɓe musu ɗan lokaci kullum don karantawa. Bayan wata takwas sai aka tarar ci gabansu a fahimtar karatu ya ninka na al'ada sau biyu. Haka kuma a 2012 Stephen Krashen da abokan aikinsa suka nazarci sakamakon gwajin karatu na ƙasa da ƙasa na 2006, wanda aka yi wa yara 'yan kimanin shekara goma. Sun sami cewa talauci ne babban abin da ke ja da sakamako baya, amma samuwar laburaren makaranta mai littattafai 500 ko fiye tana ɗaga shi sama da ƙarfin da ya kusa kamo na talaucin.

Sai dai gaskiya ta wajabta in kawo ɗaya ɓangaren. A yammacin Kenya an raba littattafan darasi a makarantun firamare, aka bi diddigi, aka buga sakamakon a 2009. Littattafan ba su ɗaga makin yawancin yara ba, sai na 'yan ƙalilan da dama su ne kan gaba, saboda an rubuta su da Turancin da ya fi ƙarfin sauran. A Saliyo kuma wani binciken Bankin Duniya na 2014 ya tarar shugabannin makarantu da yawa sun adana littattafan da aka ba su, ba su raba ba, don ba su da tabbacin za a sake kawo wasu. Ni ma na ga irin wannan da idona. Na taɓa zuwa duba ɗalibanmu masu gwajin koyarwa a wata makaranta, na roƙi a nuna mini laburare. Aka daɗe ana neman mai mabuɗi. Da aka buɗe, sai ga kwalaye ba a ko yanke igiyarsu ba, gara ta fara cin na ƙasa. Da na tambayi dalili, sai aka ce ana tsoron kada yara su yaga, a zo bincike a ce wa ya ɓatar.

Darasin da ke cikin wannan shi ne, laburare ba gini ba ne da allon suna. Sai an haɗa abu huɗu: littafin da ya dace da ƙarfin yaro, cikin harshen da yake ji, da lokacin karantawa, da babban da zai miƙa masa ba tare da tsoro ba.

Masu cewa Bahaushe ba ya son karatu, sai su tuna abin da ya faru daga tsakiyar shekarun 1980, lokacin da matasa maza da mata irin su Balaraba Ramat Yakubu da Ado Ahmad Gidan Dabino suka shiga buga littattafansu da kansu. Nan da nan masu hayar littattafai suka bazu a kasuwanni da unguwanni, matan aure da 'yan mata suna biyan ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, su karanta su mayar. Laburare ne jama'a suka kafa wa kansu ba da kwabon gwamnati ba. Ƙishirwar tana nan. Abin da aka rasa shi ne mai yi wa yara 'yan shekara shida zuwa goma sha biyu irin wannan hidima.

Jarrabawa

An kafa hukumar WAEC a 1952, JAMB a 1978, NECO a 1999. Babu mai hankalin da zai ce a soke su, domin ƙasa tana bukatar hanyar zaɓen wanda zai shiga jami'a ko aiki, kuma jarrabawa mai adalci ita ce kaɗai ƙofar da ɗan talaka zai bi ya wuce ɗan mai uwa a gindin murhu. Amma a tuna jarrabawa mudu ce. Mudu yana faɗa maka abin da ke cikin buhu, yawan awo kuwa ba ya ƙara ko ƙwaya ɗaya.

Idan aka ɗora wa mudu nauyin da ya fi ƙarfinsa, abu uku kan biyo baya. Na farko, koyarwa takan ƙuntata, a bar karatun littafi a koma haddar tambayoyin shekarun baya. Tun 1976 masanin nan Ronald Dore ya kira wannan cutar takardar shaida, watau neman satifiket ya maye gurbin neman sani. Na biyu, maguɗi yakan yawaita. Satar tambayoyin WAEC ta 1977 ta kai ga kafa kotun bincike, dokar soja ta 1984 ta tanadi ɗaurin shekara 21, aka sake wata doka a 1999, amma duk da haka ba a rabu da cibiyoyin da ake biya don a ci ba. Wannan ba halin Nijeriya kaɗai ba ne. A Amurka dokar ilmi ta 2002 ta ɗaure makomar makarantu da sakamakon gwaji na shekara-shekara, sai ga shi a birnin Atlanta rahoton 2011 ya ambaci malamai da shugabanni 178 da hannu a gyara amsoshin yara, kotu ta sami 11 da laifi a 2015, a shekarar kuma aka sauya dokar. Na uku, zalunci yakan ƙaru, domin mai kuɗi yana sayen darasin yamma da littattafan bita. Tun da JAMB ta koma kwamfuta gaba ɗaya a 2015, akwai ɗan ƙauyen da ranar jarrabawa ce ranar farko da ya taɓa zama gaban na'urar.

Shi kansa mudun yakan yi kuskure. A 2025 JAMB ta amsa cewa matsalar na'ura ta shafi kusan ɗalibai 380,000, aka sake musu jarrabawa. A shekarar dai WAEC ta fara sanar da cewa kashi 38 ne suka sami kiredit biyar har da Turanci da Lissafi, bayan 'yan kwanaki ta gano kuskure a wajen maki, adadin ya koma kusan kashi 63.

Sakamakon jarrabawa har manufar ƙasa yake juyawa. Manufar ilmi ta 1977 ta ce a fara koyar da yaro da harshen uwa ko na yankinsa. A 2022 gwamnati ta amince a kai hakan har shekara shida, amma a Nuwamba 2025 Ministan Ilmi ya sanar da soke shi, yana kafa hujja da yawan faɗuwa a jarrabawa. A ganina, kafin a yanke wa harshe hukunci, ya kamata a tambaya ko an taɓa ba shi littattafai da horarrun malamai. Gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ife daga 1970, inda aka koyar da yara da Yarabanci shekara shida, ya yi nasara ne domin an tanadi waɗannan biyun, kuma yaran ba su gaza takwarorinsu a Turanci ba.

Babban aibin tsarinmu shi ne muna yin awo a makare. Bankin Duniya ya ƙiyasta a 2022 cewa kusan yara tara cikin goma a Afirka kudu da Sahara ba sa iya karanta ɗan gajeren labari su fahimta a shekara goma. Yaron da ya faɗi WAEC yana da shekara goma sha bakwai, tun aji biyu ya faɗi, ba a dai gaya masa ba. A nan makarantar allo tana da abin koya mana. Almajiri yakan zo gaban malam ya biya karatunsa shi kaɗai. In ya iya, a wanke allo a yi masa ƙari, in bai iya ba ya koma ya maimaita. Ba a tura shi gaba don shekara ta ƙare, ba a kuma jira shekara goma kafin a san matsayinsa.

Abin da Ya Kamata a Yi

Na farko, a sa akwatin littattafai a cikin kowane aji na firamare, ba a ofishin hedimasta ba, mafi yawansu labarai da Hausa mai sauƙi, sa'an nan na Turanci daki-daki. Wannan bai bukatar gini.

Na biyu, a keɓe rabin sa'a kullum a jadawali don karatun nishaɗi, malami ya karanta wa ƙanana da babbar murya, manya su karanta da kansu, ba tare da maki ba.

Na uku, wannan kuwa naku ne ma'aikata, a rubuta a fili cikin ƙa'idar bincike cewa littafin da ya yage a hannun yara ba asara ba ne, ya yi aikinsa. A tuhumi wanda aka tarar da nasa a kulle. A kuma sa kuɗin sabuntawa cikin kasafin kowace shekara, a biya kason jiha kan lokaci don a karɓo tallafin Hukumar UBEC.

Na huɗu, a ƙarshen aji biyu kowane yaro ya karanta wa malami ɗan labari na minti ɗaya ko biyu, a san wanda ya iya da wanda bai iya ba, a ware lokaci a taimaki na baya. Kada a hukunta malami ko makaranta da wannan sakamako, domin ranar da aka fara haka, ranar za a fara ƙarya. Shirin RANA da aka gudanar da Hausa a jihohin Katsina da Zamfara ya bar littattafai da malaman da aka horar, sai a gina a kansu.

Na biyar, a riƙe ciyar da yara a makaranta da muhimmanci, musamman a ƙananan azuzuwa, domin mai jin yunwa ba ya jin karatu.

Na shida, mu malaman Hausa da ɗalibanmu na Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da Al-Qalam da ta Dutsin-Ma da kwalejojin ilmi, mu ma da namu laifin. Muna rubuta kundaye a kan adabi, amma nawa ne cikinmu suka rubuta wa ɗan shekara bakwai littafi mai shafi goma sha shida? Attajirai da ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai kuma su tuna cewa waƙafin littattafai tsohuwar al'ada ce ta Musulunci.

Kammalawa

A taƙaice, talauci shi ne mafi nauyi cikin abubuwan nan uku, shi ne kuma mafi wuyar kawarwa, domin aiki ne na shekaru da na ƙasa baki ɗaya. Jarrabawa ita ce ta fi cin hankalinmu da kuɗinmu, alhali ba ta koya wa kowa kome. Littafi a hannun yaro kuwa shi ne mafi araha, shi ne kuma wanda ke cikin ikon mutanen da ke zaune a wannan ɗaki. Ba zai kawar da yunwa ba, amma zai ba ɗan talaka ɗaya daga cikin abubuwan da ɗan mai hali ya tashi ya tarar a gidansu. Ina roƙon kowane ma'aikaci da ɗalibi a nan, kafin wannan zango ya ƙare, ya je makarantar firamaren unguwarsu ko ta ƙauyensu, ya tambaya littattafan labari nawa ke cikin aji biyu, da kuma wanda ke riƙe da mabuɗi.

 Allah Ya ba mu ilmi mai amfani.